Itacen da Ya Tada Injin Illo

A daminar da aka ba da mulkin kai, Ɗanmaliki, wani falken shinkafa na Illo, ya sayo injin casa daga ƙasar Dahomi. Wani kamfanin Faransawa ne ke tattara komatsansa zai koma gida, ya ga injin ya fi ƙarfin ɗauka, ya sallama masa. Aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka loda wa jirgin ruwa, aka biyo Kwara da shi, sauran tafiyar kuma shanu suka ja. Ranar da kayan suka iso gari, har masu sallar la'asar sai da suka taƙaita addu'a.

Kayan kashi uku ne. Akwai injin casar kansa, akwai moton lantarki da ke juya shi da bel, sai kuma wani akwatin ƙarfe mai launin toka da ake kafawa a bango, da maɓalli biyu a fuskarsa, kore da ja. Wannan akwati shi ake kira sitata. Ta cikinsa wuta ke bi kafin ta kai ga moto, shi ke tada shi, shi ke tsayar da shi. Janareta kuwa Ɗanmaliki ya riga ya sayo tsohuwa a Birnin Kebbi.

Sai dai akwai kashi na huɗu wanda ba ya cikin ciniki. Wani dattijo ne Badande, ɗan wata ƙabila ta bakin Kwara, mai suna Baba Kanta, wanda ya yi shekaru yana share rumfar injin a wurin Faransawa. Da aka loda kaya sai ya naɗe tabarmarsa ya shiga jirgi ya zauna a kan moto. Babu wanda ya ce masa ya zo, babu kuma wanda ya iya ce masa ya sauka.

Ɗanmaliki mutum ne mai son a ji. Tun kafin a haɗa ƙusa ɗaya ya riga ya shelanta a kasuwar Bagudo, labari ya kai Geza ya kai Kurgu, cewa ranar da za a ɗaga sabuwar tuta, wakilin En'e zai zo Illo ya danna koren maɓalli da yatsansa, shinkafa ta zubo fara sol a gaban kowa.

Wanda zai haɗa aikin shi ne Bunyaminu, mijin Zara, ƙanwar Ɗanmaliki. Bunyaminu ya yi shekaru yana aikin lantarki a wani gidan gurzar auduga a can gabas, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da kuma wata ɗabi'a: ba ya amsa tambaya sai ya goge hannunsa da tsumma tukuna. Matsalarsa ɗaya ce, ya dawo da sanin wuta garin da babu wuta. Tun dawowarsa tocila yake gyarawa da kekuna. Saboda haka da ya ga sitata a jingine a rumfa sai ya shafa murfinsa kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a baƙon wuri.

Aka kafa komai, aka ja wayoyi, aka tada janareta. Jama'a suka yi dafifi a bakin rumfa. Can gefe, ƙarƙashin wata tsamiya, matan da ke casa da turmi suka ajiye taɓarensu suka zo kallon abin da zai raba su da sana'a. Shugabarsu, 'Yar Baba, ta tsaya a gaba ta riƙe ƙugu.

Bunyaminu ya danna kore. Shiru.

Ya sake dannawa. Ko tari akwatin bai yi ba. Ya kashe wuta, ya buɗe murfi, ya zaro fis ɗin guda uku ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ƙone. A gurbin na ukun kuwa ƙusa ce aka cusa, irin ta kafinta.

"Wa yas sa ƙusa nan?"

"Ni na," in ji Baba Kanta cikin alfahari. "Ita ba ta ƙonewa."

"Ai don ta ƙone anka yi ta, Baba. In ba ta ƙone ba, wani abu na ka ƙonewa."

Baba Kanta ya dubi jama'a ya yi murmushi, irin na wanda ya ji yaro ya faɗi abin dariya.

Bunyaminu ya ɗaura sababbin siraran wayoyi, ya goge hannu, ya ce wa Ɗanmaliki, "Yaya, na gano shi." Ya danna. Wannan karon akwatin ya amsa, amma da wata irin karkarwa, kaf-kaf-kaf, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Moto ya yi gurnani bai motsa ba. Aka sake kashe wuta. A cikin akwatin akwai wasu ƙarafa biyu da ya kamata su manne da juna in wuta ta shiga. Bunyaminu ya leƙa tsakaninsu ya tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, har da 'ya'ya a ciki. Ya ƙwaƙule, ya hure. Ya ga kuma bakin tagullar da wuta ke tsallakawa ya yi baƙi ya faffashe, ya zauna ya goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli. Wannan ya cinye wunin.

Washegari ya sake cewa, "Yaya, na gano shi." Ya danna, moto ya tashi da wani zaƙin sauti, bel ya ɗauka, jama'a suka yi kabbara. Ɗanmaliki da kansa ya ɗebi ƙwaryar shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, ya juye a bakin injin. Injin ya karɓa, ya yi ɗan tunani, sannan ya watso masa ita a fuska gaba ɗaya.

Baya yake juyawa.

"To mi kuke so?" in ji 'Yar Baba. "Ɗan Faransi na. Ko motocinsu ba hannunmu suke bi ba."

Dariyar da aka yi har bakin kasuwa an ji ta. Ɗanmaliki ya tsaya yana tsince shanshera daga gemunsa. Bunyaminu ya kashe wuta. Wayoyi uku ne ke fita daga sitata zuwa moto, ya kwance biyu ya musanya musu wuri, moto ya koma juyawa ta hannun da ya dace. Ya goge hannu. Bai so ya faɗa ba, amma bakinsa ya riga ya saba: "Na gano shi."

Kuma kamar ya gano ɗin. Injin ya ci shanshera, buntu ya yi gefe, farar shinkafa ta fara zubowa. Kafin a cika ƙwarya ɗaya sai aka ji ƙas! daga cikin akwati, moto ya yi sanyi ya tsaya.

Abin da ya faru Bunyaminu ya san shi. A cikin kowane sitata akwai mai gadi, wasu siraran ƙarafa da ke lanƙwashewa in moto ya fara jan wutar da ta fi ƙarfinsa, su yanke wutar kafin ya ƙone. In sun huce sai a danna jan maɓalli su koma wurinsu. Ya jira, ya danna ja, ya danna kore. Injin ya yi aiki ɗan lokaci, ƙas! ya sake tsayawa. Haka aka yi ta yi. Ya sassauta bel, bai hana ba. Ya juya injin casar da hannu ko wani abu ya cije, ya ji shi sumul. Ya zuba wa boris giris. Ya rage shinkafar da ake zubawa har ta koma kamar sadakar marowaci. Ƙas!

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ƙarƙashin tsamiya taɓare suka koma aiki, kuma mutane sun lura duk lokacin da aka ji ƙas daga rumfa, lugude na ƙara armashi.

Ana cikin haka Baba Kanta ya ga lokacinsa ya yi. Ya kwance bakin zanensa ya fito da wani ɗan itacen ƙirya, tsawon yatsa, ya sha hannu har yana sheƙi.

"Alhaji," ya ce da Ɗanmaliki, wanda bai taɓa zuwa Makka ba amma bai taɓa gyara wa mai kiransa haka ba, "wanga akwati gardama garai. Can wurinmu in ya fara, wanga nike tokare jan maɓallin da shi. Shi ke nan, ba ya ƙara magana."

Bunyaminu ya miƙe tsaye. "Yaya, in anka tokare jan maɓalli an ɗaure ma mai gadi hannu. Moto shina kuka, mu toshe kunne. Ƙonewa zai yi." Ya juya ga dattijon. "Baba, tsakani da Allah, can wurinku moto bai taɓa ƙonewa ba?"

"Sun ƙone, biyu ko uku," in ji Baba Kanta. "Amma wannan tsufa na."

Ɗanmaliki ya dubi itacen, ya dubi surukinsa. Ya ce a bar maganar tukuna, amma ya daɗe yana kallon inda Baba Kanta ya mayar da itacen.

Ana gobe biki, da la'asar, gari ya watse zuwa fili kallon yadda ake kafa sandar tuta da yadda 'yan makaranta ke gwajin maci. Bunyaminu ya rage shi kaɗai a rumfa. Duk kwanakin nan a cikin sitata yake neman laifi, da cikin injin casa. Moton kuwa bai taɓa buɗe shi ba, don sautinsa mai daɗi ne in ya tashi. Yau da ya rasa abin dubawa sai ya tsuguna ya kwance ɗan murfin da ke gefensa, inda wayoyin nan uku ke shiga. Wani wari ya bugi hancinsa, kamar an ƙona gashi. Noti biyu suna ƙyalli, na ukun ya yi baƙi. Ya ja wayar a hankali, sai ta biyo hannunsa. Ta karye tun daga cikin rigarta, wataƙila tun a jirgi, wataƙila a ƙarƙashin mazaunin Baba Kanta. In moto na tsaye bakin karayar na taɓa juna, ya tashi lafiya. Da ya ɗauki girgiza sai su rabu, ya koma aiki da waya biyu, kamar tukunya a murhu mai dutse biyu. Mai gadi gaskiya yake faɗa tun farko.

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya feƙe sabon baki, ya goge noti, ya ɗaure tam. Ya mayar da murfin. Ya nufi janareta zai gwada, ya tarar babu hannun tada ta. Ɗanmaliki ya ɗauke ya tafi da shi, don kada a ƙarar da man gobe.

Ya same shi a fili yana nuna wa masu kafa tuta yadda ake kafa tuta.

"Yaya, ba ni hannun janareta. Na gano shi."

Ɗanmaliki ya dube shi da tausayi. "Bunyaminu, ranar ƙusa ka gano shi. Bayan zanzaro ka gano shi. Ranar da yaw wanke man fuska da shanshera ma ka gano shi. Tahi gida ka huta. Man da yar rage na gobe na."

"Wanga karon daban na."

"Kowane karo daban na. Tahi gida."

Da safe aka ɗaga tuta, kore da fari, 'yan makaranta suka yi waƙa, aka raba musu ƙananan kofuna. Daga nan taro ya ɗunguma zuwa rumfar inji, wakilin En'e a gaba cikin babbar riga mai aska. Bunyaminu ya kutsa ta cikin mutane da akwatin aikinsa. Da ya iso gaba ya ɗaga ido. Ga ɗan itacen ƙirya nan a tokare tsakanin jan maɓalli da leɓen murfi. Baba Kanta na tsaye a gefensa da sabuwar hula. Bunyaminu ya miƙa hannu, Ɗanmaliki ya riƙe masa wuyan hannu yana yi wa baƙo murmushi.

"In ka taɓa shi," ya ce ƙasa-ƙasa, "ni da kai sai lahira."

Wakili ya yi bisimilla ya danna kore. Moto ya tashi. Aka zuba ƙwarya ta farko, ta biyu, aka koma zubawa da buhu. Shinkafa ta yi ta kwarara fara tas, ba ƙas ba ƙis. Aka yi ta jira ya tsaya, bai tsaya ba. Wani maroƙi ya ɗaga murya yana kiran Baba Kanta gagara-ƙarfe, mai sa ɗan Faransi ladabi. Samari suka ɗaga dattijon sama, hularsa ta faɗi. Wakili ya yi ɗan jawabi, ya ce ga ishara nan a ranar farko ta mulkin kai: abin da ilimin Bature ya kasa, itacen dajinmu ya yi. Da ya zo kan ilimin Bature, mutane da yawa suka waiwayi Bunyaminu.

Shi kuwa yana tsugune a gefen moto, tafin hannunsa a kan ƙarfen, yana jin ɗuminsa. Lafiya lau yake juyawa, sanyi ƙalau. Bai taɓa yin gyara mai kyau kamar wannan ba.

Bayan kwana biyu ya sami Ɗanmaliki ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har ya nuna masa guntuwar wayar da ya yanke. Ya ce a cire itacen a gani, in injin ya tsaya a kira shi maƙaryaci.

Ɗanmaliki ya juya wayar a hannu ya miƙa masa. "Wanda yaw warke ba ya zubar da magani don ya gwada ko ciwon na nan. Hassada ba ta kamace ka ba, mijin Zara. Dattijon ga bai yi boko ba, amma ka gani da idonka."

A gida Bunyaminu ya kasa cin tuwo. Ya yi ta zuba wa Zara bayanin waya uku da mai gadi, ita kuwa tana tankaɗe tana saurare. Da ya gaji ta ce, "Malam, ni ban san waya ba. Amma mi kake so, a ce kai na, ko moton ya rayu?"

"Duka biyu."

"Garin ga ba a samun duka biyu. Ka san Yaya tun ba yau ba."

Ya kwana da maganar. Abin da ke damunsa gaskiya ne: yau lafiya, amma ranar da dutse ya shiga injin ko bel ya cije, mai gadi na ɗaure, moto zai ƙone ƙurmus, kuma ya san wanda za a ce ya yi masa baki. Da sassafe, lokacin da ya saba zuwa zuba giris, ya kashe wuta ya buɗe sitata. Tsakanin jan maɓallin da ke waje da mai gadin da ke ciki akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke haɗa su. Ya kwance shi ya jefa aljihu. Yanzu itacen na danne da maɓallin da ba ya taɓa komai, mai gadi kuma ya sami hannunsa. Ya rufe murfi, ya mayar da ƙirya daidai inda take.

Da ya juyo sai ya ga Baba Kanta zaune a kan tabarmarsa a bayan buhuna, yana jan carbi, idonsa a kansa.

Bunyaminu ya gaishe shi.

"Ka cire ma ƙirya haƙori," in ji dattijon.

"Na cire, Baba."

"Za ka faɗa ma Alhaji?"

"Na faɗa mai abin da yaf fi wannan bai ji ba."

Baba Kanta ya ja carbi kaɗan. "Ɗana, da Faransawa za su tahi, sun sayar da tebur, sun sayar da agogo, karensu ma sun sama mai gida. Ni ba wanda yat tambaye ni ina za ni. Tsintsiya na iya, sai wanga itace. Tsintsiya kuwa kowa ya iya ta."

Bunyaminu ya zaro tsummansa ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa, ko da yake babu tambayar da aka yi masa. Sannan ya ce, "Ranar da yat tsaya, Baba, ka ce itacen ya gaji, sai an fiƙe sabo. Ka tahi daji ka nemo. Kada ka yi sauri."

Haka kuwa aka yi ta yi. Duk sanda aka ji ƙas, ko don an cika wa injin ciki, ko don bel ya yi tauri, ko ƙura ta toshe wa moto iska, sai Baba Kanta ya zo ya zare ƙirya, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce ta gaji. Ya saɓa gatari ya nufi daji. Kafin ya dawo Bunyaminu ya nemo laifin ya gyara, ya sa sukundireba ta ciki ya mayar da mai gadi. Dattijo ya tokare sabon itace, a danna kore, injin ya tashi, a yi kabbara. Ɗanmaliki kan aika wa Baba Kanta da zakara. Bunyaminu kuma akan ce masa sannu da taimako.

Suna ya tafi. Wani tela daga Bagudo ya zo neman itacen da zai sa wa kekensa na ɗinki. Wani direban lori ya karɓi guda ya soke a gaban sitiyari, ya dawo yana rantsuwa tun daga ranar bai yi faci ba. A kasuwa in baƙo ya tambayi wane ne Bunyaminu, sai a ce, ai shi ne mai riƙe wa Baba Kanta akwati. 'Yar Baba kaɗai ba ta shiga wannan ba. Ta koma turara shanshera tana kawowa injin, ta ce ita ko da kashin jaki yake aiki ba ruwanta, bayanta ya huta.

Da kaka ta yi, shinkafa ta shigo, Baba Kanta ya tafi Madekali, can cikin Dahomi, ta'aziyyar wata ƙanwarsa. Hanyar da ya bi duk rayuwarsa ba wanda ya taɓa tambayarsa, amma yanzu ƙasashen biyu kowacce ta sami 'yanci, ta sami tuta, ta kuma sami mutum mai kaki a bakin hanya. Da zai dawo aka ce ya nuna takarda. Ya ce shi mutumin Illo ne, aka ce harshensa na Dahomi ne. Ya ce to shi mutumin Dahomi ne, aka ce to me zai je yi Illo? Aka mayar da shi ya je ya nemo hoto.

A cikin kwanakin nan ne, ranar kasuwa, rumfa cike da mata da buhuna, aka ji ƙas. Bunyaminu ya kashe wuta ya buɗe cikin injin casa, ya tarar da guntun bakin lauje ya biyo shanshera ya cije. Da mai gadi na ɗaure, da a ranar an yi jana'izar moto. Ya zare ƙarfen, ya juya injin da hannu ya ji ya saki, ya mayar da mai gadi, ya rufe. Ya kai yatsa zai danna kore.

"Kul!" in ji Ɗanmaliki. "Da gajiyayyen itace? So kake ka ƙona man moto?"

"Yaya, ga abin da yat tsai da shi, bakin lauje na."

"Lauje ya shiga don itacen ya gaji. Da da ƙarfinsa da ya tare shi. Ba mai taɓa injin ga sai Baba ya dawo, ko ya aiko."

Mata suka fara guna-guni. Wata ta ce daga Kurgu ta taso tun asuba. Bunyaminu ya dubi layin buhuna, ya dubi surukinsa, ya ce ya ji an ce wani mai jirgi ya iso daga hayi, bari ya je ya ji ko da saƙo. Ya fita ta hanyar kogi, da ya sha kwana sai ya ratse ta bayan gari ya shiga gidansa. Zara ta tafi rijiya. Ya duba ko'ina bai ga itace mai tauri ba sai muciyarta a jingine. Ya sa zarto ya yanke tsawon yatsa daga bakinta, ya fiƙe, ya naɗe a ƙyalle.

Ɗanmaliki ya karɓi ƙunshin da hannu biyu. "Ka gani? Yana can cikin wahala amma bai manta da mu ba." Da kansa ya tokare. Aka danna kore, injin ya ɗauka. Ya dafa kafaɗar Bunyaminu a gaban mata ya ce, "Ka riƙa kula da yadda dattijon ga ke aiki. Ba ya dawwama. Wata rana kai za a nema."

Bunyaminu ya ce in sha Allahu zai kula.

Da yamma Zara ta ɗauko muciya za ta tuƙa tuwo, ta juya ta, ta dube shi. Ya ce mata ɓera ne. Ta ce lallai ɓeran ya iya zarto, ta ci gaba da tuƙi da guntun.

Baba Kanta bai samo hoto ba. Wani masunci ne ya tsallako da shi ta cikin ciyawar burgu ta bakin kogi, a kwance ƙarƙashin taru. Ya iso rumfa da warin kifi, jama'a suka taru ana yi masa barka. Ɗanmaliki ya kama hannunsa ya kai shi gaban sitata yana godiyar saƙo. Dattijon bai nuna mamaki ba. Ya zare itacen, ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina.

"Ƙirya ta gari," ya ce da ƙarfi. "Da hannuna niz zaɓe ta, daga reshen gabas."

Ya mayar ya tokare. Da mutane suka watse ya matso kusa da Bunyaminu, wanda ke tsugune yana zuba giris, ya rage murya.

"Ɗana, in za ka sake, ka riƙa kankare tuwon."